Radiyon asibiti, radiyon gida da hasken da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa raka ɗan kabu-kabu da ya faɗi zuwa asibiti a nan Maraɗi ya san abin da likita kan fara cewa: sai an yi mashi radiyo. A shiga da mutum ɗaki, a fito da baƙin hoto, ga ƙashi fari fat, ga inda ya tsage. Mu ma'aikatan gidan radiyo mun sha yin raha da wannan suna da muka yi tarayya da masu hoton ƙashi. Ashe dangantakar ta wuce ta suna.

Wani dattijo mai saurarenmu daga Tibiri ne ya tayar da maganar. Ya ce wani lokaci da tsakar rana yana sauraren tashoshin waje a gajeren zango, sai murya ta ɗauke ɗif, can an jima ta komo da kanta, alhali pil sabo ne. Sau biyu yana kai akwatin wajen mai gyara, kuɗi na fita, akwati kuwa lafiyarsa lau.

To Baba, ɗaya daga cikin masu yi maka wannan ɓarna rana ce. Hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi, wanda ake kira hasken X, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano shi a 1895. A asibiti na'ura ke yin shi, amma a sararin samaniya yana fitowa ne duk inda abu ya yi zafin da ya kai miliyoyin digiri. Idan wani wuri ya fashe a jikin rana, wannan haske kan iso cikin minti 8, ya bugi iskar da ke kamar kilomita 60 zuwa 90 bisa kanmu, sai iskar ta shanye muryar gajeren zango maimakon ta bar ta ta wuce. Gefen duniya da ke cikin dare ba ruwansa, haka ma tashoshin FM. Ranar 4 ga Nuwamba 2003 an yi fashewar da ta fi ƙarfin na'urar auno ta taurarin ɗan adam na Amurka. Maganin abin haƙuri ne na ɗan lokaci, ko a gwada mita 16 ko 13, inda shanyewar ba ta kai ta sauran ba.

Kada hankalin kowa ya tashi: iska na tare wannan haske gaba ɗaya, ba ya iso ƙasa. Sai dai kariyar da muka samu ita ce ciwon kan masana, don duk mai son ganin sama da hasken X dole ya hau bisa iska. A watan Yuni na 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka daga Amurka da niyyar auna hasken X na wata. Ba su same shi ba, amma suka ci karo da wani abu mai tsananin haske a rukunin taurarin Kunama. Daga baya aka gane gawar tauraro ce, wadda faɗinta bai fi kilomita 25 ba, kusan tafiyar Tibiri zuwa Jiratawa, amma ta fi rana nauyi. Tana zuƙe iskar wani tauraro maƙwabcinta, iskar na ƙonewa tana faɗawa. Giacconi ya samu kyautar Nobel a 2002.

Afirka ma na da rabonta cikin labarin, ko da yake ba mu tuna an faɗa mana shi a lakkwal ba. Tauraron ɗan adam na farko da aka ƙera musamman don wannan aiki, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi ranar 12 ga Disamba 1970, ranar bikin ƴancin kan ƙasar, shi ya sa aka raɗa mashi suna Uhuru, wato ƴanci a Swahili. Ya lissafo wurare 339 da ke fitar da hasken X.

A ganinmu babban abin da wannan ilimi ya canza shi ne yadda ake kallon dare. Mai shimfiɗa tabarma a tsakar gida nan Zariya lokacin bazara, ya ga Kaza da ƴaƴanta, ya ga Gamzaki da asuba, zai ce sama wuri ne mai natsuwa. Hasken X ya nuna ɗaya fuskar. Da shi aka kama sawun abin da ake kira baƙin rami, wurin da nauyi ya taru har haske ba ya iya kuɓuta. Ramin kansa ba a ganinsa, kururuwar abin da yake haɗiyewa ake gani. Wanda ake kira Cygnus X-1 ya ninka rana nauyi kamar sau 21. Da shi kuma aka gane cewa a manyan gungun taurari, iska mai zafi da ke tsakani, wadda madubin hangen nesa na yau da kullum bai taɓa nunawa ba, ta fi taurarin duka nauyi in an haɗa su.

A 1999 aka harba manyan madubai biyu, Chandra na Amurka a watan Yuli, da XMM-Newton na Turai a Disamba. Hoton farko da aka fitar na Chandra na ɓaraguzan wani tauraro ne da ya tarwatse, Cassiopeia A, mai nisan da haske ke shekara kusan 11,000 kafin ya ci shi. Cikin ɓaraguzan an bambance ƙarfe da kalsiyom suna watsuwa cikin sarari. Ƙarfen irin wanda ke cikin jininmu ne, kalsiyom kuma shi ne ke tare hasken na'urar asibiti har ƙashin ɗan kabu-kabu ya fito fari a hoto.