Kaset ɗin biki da suna: yadda ake mayar da su kan faifai ko kwamfuta kafin su lalace

A gidaje da yawa a Kano, Kaduna, Zariya da Sakkwato akwai kwali ko tsohuwar akwati cike da kaset-kaset na bidiyon ɗaurin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani da tarbar alhazai. Yawancinsu an ɗauke su ne a shekarun 1990, zamanin da kyamarar bidiyo ta yawaita a hannun jama'a, wanda kuma a farkonsa ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kan kaset a Kano a 1990. Da dama daga cikin waɗanda ke cikin hotunan sun riga mu gidan gaskiya, kuma sau da yawa kaset ɗin ne kaɗai wurin da muryarsu ta saura.

Zaren kaset siririyar leda ce da aka manna wa garin maganaɗisu da wani irin danƙo. Zafin bazara da laimar damina suna narkar da wannan danƙo sannu a hankali, fumfuna kuma takan yi fari-fari a gefen zaren. Sai dai babbar barazanar tana wajen na'urorin kunnawa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a watan Yulin 2016. Duk wadda ta rage a kasuwa tsohuwa ce, robobinta suna tsinkewa, kayan gyara da masu gyaran kuma suna ƙaranci. Kaset mai lafiya da ba shi da abin kunnawa bai fi wanda ya ruɓe amfani ba.

Abu na farko shi ne sanin irin kaset ɗin. VHS shi ne babban da kowa ya sani. VHS-C ƙaninsa ne, ana saka shi cikin wani ƙoƙo mai siffar babban kaset a kunna a na'urar gida. Video8, da Sony ya fito da shi a 1985, da Hi8 da ya biyo bayansa ba su da irin wannan ƙoƙo, ko da mai shago ya rantse yana da shi. Sai kyamarar da ta dace da su. Akwai kuma bambancin tsarin hoto. Najeriya tana kan tsarin PAL, Amurka da Japan suna kan NTSC, Faransa da Nijar kuma sun yi amfani da SECAM. Saboda haka kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga waje zai iya fitowa fari da baƙi ko yana rawa, alhali lafiyarsa ƙalau.

Hanya mafi sauƙi ita ce na'urar DVD mai naɗa. Ana jona kyamara ko na'urar kaset da ita ta wayoyin nan uku: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Idan duka biyun suna da kafar S-Video, ita ta fi rawayar fitar da hoto tsaf, musamman ga Hi8. Faifan DVD na gama-gari yana ɗaukar gigabayit 4.7, wato kimanin awa ɗaya a mafi kyawun inganci, ko awa biyu a inganci mai gamsarwa. Na'urar za ta yarda a cusa awa shida a faifai guda, amma tsimin kuɗin faifai ne da zai sa fuskar amarya ta dagule har a kasa gane ta. Bayan an gama dole a rufe faifan ta umarnin da aka rubuta Finalize, in ba haka ba wata na'urar ba za ta karanta shi ba. Aikin ba ya gaggawa: kaset mai awa uku sai ya ci awa uku, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya na iya ɓata faifan, don haka gara a yi shi a kan inbata.

Hanyar kwamfuta ta fi wahala, amma ita ta fi. Ana buƙatar ƙaramar na'ura mai karɓar wayoyin uku ta miƙa wa kwamfuta ta kafar USB. Masu arha daga cikinsu sukan bar sauti ya rabu da hoto, a ga baki na motsi magana na biyo baya, shi ya sa ya kamata a duba ƙarshen abin da aka naɗa, ba farkonsa kawai ba. Wanda ya samu kyamarar Digital8, wadda Sony ya fitar a 1999, ya yi dace, domin da yawansu suna kunna Video8 da Hi8 su aika hoton ta wayar FireWire. Awa ɗaya ta wannan hanya tana cin kusan gigabayit 13, kuma sai an nemo tsohuwar kwamfuta, tunda sababbin ba su da wannan kafa.

Shi kansa faifan ba ma'ajiyar dindindin ba ne. Wanda ake naɗa a gida yana riƙe bayani ne a wani siririn rini da rana da zafi ke kashewa, ga ƙarzuwa, ga shi kuma sababbin kwamfutocin hannu sun daina zuwa da wurin saka shi. Abin da ya dace a riƙe shi ne cikakken fayil, a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu daban. Wanda aka tura wa dangi ta WhatsApp an matse shi, ba zai maye gurbin na asali ba.

Mai kai aikin shago ya fara ɓalle ɗan harshen robar da ke bayan kaset ɗin VHS, ko ya tura makullin na Video8, don kada a yi naɗi a kansa bisa kuskure. Kaset mai fumfuna kada a kunna shi sai an tsabtace, domin yakan tsinke ya kuma ɓata kan na'urar. Bidiyon biki yana ɗauke da matan gida da cikin ɗakunansu, don haka a tsaya a ga an goge shi daga kwamfutar shagon, a kuma karɓo kaset ɗin a ajiye shi a tsaye, nesa da rana da lasifika. A jikin kowane fayil a rubuta shekara, gari da sunayen mutanen ciki, tun dattawan da za su iya shaida su suna raye.