Jirgin Ruwa Ba Shi da Birki

Wanda ya taɓa tsayawa bakin tafkin Kazaure ya ga masunci ya kafa gora ya juya kwalekwalensa nan take, zai zaci haka manyan jiragen teku suke. Ina! Mu mutanen tudu muna da uzuri, gama daga Babura har Gwiwa babu ruwan da zai ɗauki irin waɗannan. Amma gyaɗar da iyayenmu suka noma, wadda aka tara a Kano aka kai Ikko a jirgin ƙasa, cikinsu ta ƙetare zuwa Turai.

Babban jirgi ba shi da birki. In ana so ya tsaya, sai a mai da farfelarsa tana juyawa baya, shi kuwa ya yi ta sulalawa. Saboda haka tilas a san halinsa tun ba a ƙera shi ba. Wani Baturen Ingila, William Froude, shi ya buɗe hanya. A 1872 ya fara aiki da wani dogon kwarmin ruwa a Torquay, yana jan ƙananan jirage na kaki irin na kyandir yana auna su. Abin da ya gano lissafi ne da ɗan makaranta zai iya: in ƙaramin ya gaza babban sau 25 a tsawo, ba sau 25 za a rage gudunsa ba, sau 5 ne, watau lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 25. A Port Revel ta ƙasar Faransa, tun 1967 matuƙa ke shiga irin waɗannan ƙananan jirage suna koyo a tafki, minti ɗaya a can daidai da minti biyar a teku.

In an gama ƙira kuma, sai a fita da jirgin a jarraba shi. Hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa ƙa'ida a 2002. A karya kan jirgin gaba ɗaya ya yi da'ira, kada faɗin juyin ya wuce tsawonsa sau 5. A karkata shi dama, a karkata hagu, a ga yadda yake jin umurni. A tsai da shi yana cikin gudu, kada ya wuce tsawonsa sau 15 bai tsaya ba, sai dai akan sassauta wa mafi girma.

To, malamai, ga lissafin da za ku ɗora a allo gobe. Jirgi mai tsawon mita 400, juyinsa kilomita 2 ke nan, tsayawarsa kilomita 6. Muna ganin wannan ya fi wa yaro daɗi bisa tambayar buhunan gero da ya gaji da ita.

Sai dai fa a ruwa mai zurfi, sararin Allah, ake wannan jarrabawa. Inda ruwa ba zurfi jirgi yakan yi taurin kai, kusa da gaɓa kuma ruwa yakan fizgi bayansa wajen gaɓar. Ran 23 ga Maris 2021 jirgin Ever Given, mai mita 400 ɗin nan, ya shiga mashigin Suwes ana iska mai ƙarfi, ya gitta ya toshe hanya. Sai ran 29 aka ciro shi, ɗaruruwan jirage na jira gaba da baya.