Zancen "Aiki Kana Karatu" da Halin Ɗalibin da Ba Shi da Tallafin Iyaye a Bukit Jalil

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun matasa da zaurukan WhatsApp da ofisoshin masu dillancin gurbin karatu a Kano da Kaduna da Abuja, wato cewa duk wanda ya iya haɗa kuɗin jirgi da kuɗin zangon farko to ya gama da wahala, domin da zarar ya sauka Malesiya zai samu aikin da zai riƙe shi har ya kammala digirinsa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta fi cutar da waɗanda suka fi rauni: marayu, da 'ya'yan talakawa, da waɗanda iyayensu suka sayar da fili ko shanu suka sallame su a kan cewa daga nan babu sauran abin da zai biyo baya. Saboda yawan maimaita ta da ake yi ba tare da kunya ba, ya zama dole a zauna a warware ta dalla-dalla.

Bukit Jalil unguwa ce a kudancin Kuala Lumpur, wadda ta yi suna tun lokacin da aka gina babban filin wasa na ƙasa a cikinta domin wasannin ƙasashen renon Ingila na 1998. A nan ne jami'ar APU mai koyar da fasahar kwamfuta da kasuwanci take, haka kuma jami'ar IMU ta likitanci, kuma ɗalibai baƙi, har da 'yan Nijeriya, suna haya a dogayen benayen da ke kewaye, irin su Vista Komanwel da aka gina tun farko domin masaukin 'yan wasa. Abin da ake nufi da kuɗin rayuwa shi ne haya da abinci da wuta da sufuri da waya da inshorar lafiya da sabunta biza, ban da kuɗin makaranta, kuma wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Abin da ke buƙatar bayani shi ne takardar da ɗalibi yake zaune da ita a ƙasar. Izinin zama na ɗalibi, wanda hukumar EMGS take tantance takardunsa kafin hukumar shige da fice ta buga shi a fasfo, izinin karatu ne kawai. Abin da doka ta yarje wa mai riƙe da shi shi ne aikin da bai wuce awa 20 a mako ba, shi ma a lokacin hutun zango ko wani hutun da ya haura kwana 7, kuma a wurare huɗu kaɗai: gidan abinci, da gidan mai, da ƙaramin kanti, da otal. Ko a waɗannan wuraren ba a yarda ya zauna a kan akwatin karɓar kuɗi ba, kuma kafin ya fara sai makarantarsa ta rubuta masa takardar goyon baya, hukumar shige da fice ta amince. Ma'anar wannan ita ce, a tsawon watannin da ake zuwa aji, waɗanda su ne mafi yawan shekara, babu wani aikin waje da ɗalibi baƙo zai yi ya ce doka tana bayansa.

Lissafi mai sauƙi ya isa ya rushe sauran zancen. Mafi ƙarancin albashi a Malesiya tun daga Fabrairun 2025 shi ne ringit 1,700 a wata, wanda ya kama ringit 8.72 a awa, kuma irin ayyukan da aka yarje wa ɗalibi ba su cika nisa da wannan ma'auni ba. Awa 20 a wannan farashi ringit 174 ne da 'yan canji a mako. Idan aka ƙaddara cewa ɗalibi ya samu mako 8 na hutu a shekara, ya kuma samu izini a kan lokaci, ya samu mai ɗaukarsa, bai yi fashin ko rana ɗaya ba, to abin da zai tara bai kai ringit 1,400 ba, wato duk guminsa na shekara bai kai albashin wata guda na ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi a ƙasar ba. Wanda ya ce da wannan za a biya hayar wata 12 a ci abinci, har a taɓa kuɗin makaranta, ko dai bai san ƙasar ba, ko kuma ya san ta yana yaudara da gangan.

Idan aka kawo wannan hujja, masu yaɗa zancen sukan koma cewa ai kowa yana yin aikin bayan fage kuma babu abin da ke faruwa. Gaskiya ne akwai masu wanke kwanuka a bayan gidajen abinci cikin dare, kuma mai gidan ya san ba su da takarda, shi ya sa yake biyan su abin da ya ga dama, ranar da ya hana kuwa babu inda za su kai ƙara. Saɓa sharaɗin izinin zama laifi ne a ƙarƙashin ƙa'idojin shige da fice na 1963, wanda ke jawo tara ko ɗauri, sannan a soke izinin a mayar da mutum gida, kuɗin zangunan da ya biya kuma sun tafi ke nan. A cikin Bukit Jalil ɗin kanta akwai sansanin da hukumar shige da fice take tsare baƙi, kuma a nan ne wani ɗalibin digiri na uku ɗan Nijeriya ya rasu a watan Yulin 2019, kwanaki kaɗan bayan an kama shi a wani samame, alhali takardunsa na zama ba su ƙare ba. Idan mai takarda ingantacciya zai iya kwana a can kafin a gama tantance shi, to wanda aka kama da hannu dumu-dumu a wurin aikin da ba shi da izini sai ya auna nasa matsayin. Tuƙin motar haya ta Grab ma, wanda wasu ke ambato kamar suna maganar acaɓa a Kano, lasisinsa na 'yan ƙasa ne.

Akwai kuma wani tarkon da ba a cika faɗa ba. Kafin a sabunta wa ɗalibi izininsa, sai makaranta ta nuna cewa halartarsa aji ta kai kashi 80 cikin 100, kuma matsakaicin makinsa bai gaza 2.00 ba. Wanda ya kwana yana aiki zai makara aji, wanda ya yawaita makara halartarsa za ta faɗi, idan ta faɗi kuwa izinin da ya kawo shi ƙasar ne zai kufce masa, sai ya zama ba karatun ba aikin. Abin takaici shi ne wasu daga cikin tsofaffin ɗaliban da suka san duk wannan su ne suke tura hotunansu a gaban kantin Pavilion ko tagwayen benayen Petronas, suna ɓoye bashin da ke wuyansu, suna karɓar la'ada a kan kowane ƙaninsu da suka jawo. Wannan cin amana ne, kuma kiran sa taimako ba ya sauya masa hukunci a wurin Allah.

Tabbas akwai wasu dalilan da ke jefa ɗalibi cikin ƙunci, kamar faɗuwar naira tun bayan da aka sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, da harajin kashi 6 cikin 100 da Malesiya ta ɗora a kan kuɗin makarantar baƙi a manyan makarantu masu zaman kansu daga Yulin 2025, da jinkirin da gwamnatoci kan yi wajen turo alawus, amma waɗannan ba a hannun ɗalibi suke ba.

Abin da ke hannunsa yana farawa tun kafin tafiya. Wanda ba shi da iyaye masu ɗaukar nauyinsa ya kamata ya fara neman mai ɗaukar nauyi a rubuce kafin ya nemi gurbi, kuma ya san ƙofofin da suke a buɗe da waɗanda suke a rufe. Lamunin PTPTN da ɗaliban Malesiya ke dogaro da shi na 'yan ƙasa ne kaɗai, lamunin NELFUND na Nijeriya kuwa, wanda aka fara a 2024, na masu karatu a makarantun gwamnati na cikin gida ne, ba ya ƙetare iyaka. Tallafin MIS na gwamnatin Malesiya na masu digiri na biyu da na uku ne. Mai neman digiri na farko ya fi dacewa ya duba Jami'ar Albukhary da ke Alor Setar a jihar Kedah, wadda aka kafa domin 'ya'yan marasa ƙarfi daga ƙasashe daban-daban. Mai digiri na biyu ko na uku yana iya rubuta wa malaman jami'o'in gwamnati irin su UPM da ke Serdang, kusa da Bukit Jalil, ya nemi zama mataimakin bincike a ƙarƙashin wanda yake da kuɗin bincike a hannu. Rangwamen da jami'o'i masu zaman kansu ke kira tallafi galibi ragi ne a kan kuɗin makaranta, ba ya biyan haya, ba ya sayen shinkafa. Idan duk waɗannan ba su samu ba, to yin digirin farko a BUK ko ABU ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da lamunin gida, sannan a nemi fita a digiri na biyu da kyakkyawan sakamako, ya fi hankali nesa ba kusa ba.

Wanda ya riga ya isa kuwa, babban abin da zai sa wa ido shi ne haya. Al'adar masu gidaje a can ita ce su karɓi kuɗin ajiya na wata biyu, da hayar wata guda a gaba, da rabin wata na wuta da ruwa, saboda haka ɗakin da aka ƙaddara hayarsa ringit 600 zai ci ringit 2,100 kafin a miƙa makulli. Ya kamata ɗalibi ya nemi rubutacciyar yarjejeniya, ya ɗauki hoton kowane tsagi a bango da kowane famfo mai ɗiga a ranar da ya shiga, domin da irin waɗannan ake riƙe kuɗin ajiya ranar fita. Raba ɗaki da abokin zama mai amana, da neman gida a Sri Petaling ko Serdang ko wani wuri da ke kan layin jirgin LRT ko motar makaranta, yana rage nauyi ƙwarai, kuma na'urar sanyaya ɗaki ita ce ke kumbura takardar kuɗin wuta, fanka ta wadatar.

Abinci shi ne na biyu. A shagunan da ake zuba shinkafa mutum ya zaɓi mahaɗi da kansa, mai shago yana kallon faranti ne ya yanka farashi, kowane yankan kaza da kowane ludayin miya da kuɗinsa, kuma wanda ya saba cin sau uku a waje ba zai gane inda kuɗinsa suka bi ba. Tukunyar dafa shinkafa mai aiki da wuta, da buhun shinkafa da ɗalibai huɗu suka haɗa kuɗi suka saya, da kayan miya daga kasuwar sari ta Seri Kembangan, sun fi kowane aikin dare amfani ga aljihu, saboda ringit ɗin da ba a kashe ba babu jami'in da zai tambayi izininsa. A watan azumi masallatai suna shirya buɗa-baki kyauta, kuma babu abin kunya ga matafiyi mai neman ilimi ya zauna a ci da shi. Kuɗin sabunta biza da inshora kuwa a riƙa ware su wata-wata tun farkon shekara, kada a taɓa su ko da me ya taso.

Idan kuɗi suka yanke gaba ɗaya, mafi munin abin da ɗalibi zai yi shi ne ya ɓuya. Ya je ofishin ɗalibai baƙi na makarantarsa tun bashin bai taru ba, ya nemi a raba masa biya kashi-kashi, ko ya nemi dakatar da karatu ya koma gida bisa ƙa'ida da takardar sakamakonsa a hannu, ya kuma sanar da ƙungiyar ɗaliban Nijeriya da ofishin jakadanci a Kuala Lumpur. Zama bayan ƙarewar biza laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 5. A irin wannan lokaci ne kuma masu cewa "ara mini asusunka a turo kuɗi, da kasonka" suke bayyana, tare da masu neman a kai musu ƙunshi wani wuri. Ba da aron asusun banki ga 'yan damfara laifi ne mai zaman kansa tun gyaran dokar da aka yi a 2024, fataucin ƙwaya kuwa, duk da an soke tilascin hukuncin kisa a 2023, har yanzu alƙali yana da ikon yanke kisa ko ɗaurin shekara 30 zuwa 40. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma mai yunwa ya fi kowa saurin amsa kiransa.

Nauyin bai tsaya a kan ɗalibi shi kaɗai ba. Kawu ko yaya ko attajirin unguwa da ya yi alƙawarin ɗaukar nauyin yaro a gaban jama'a ya sani cewa alƙawarin na shekara uku ne ko huɗu, idan ba zai iya ba ya faɗa tun yaron yana gida. Iyaye kuma su tambayi duk dillalin da ya zo da zancen aiki ya nuna musu dokar a rubuce, su kuma nemi jimillar kuɗin shekarun karatun gaba ɗaya daga makarantar kanta kafin su sa hannu a takardar sayar da gona.