Dalilan da ke hana kwamfuta tashi bayan an ƙara mata RAM, da haƙƙin mai saye

Ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, ko mai shagon buga takardu a Jega da Maiyama, galibi da kwamfutar gwanjo yake aiki. Idan ta fara nauyi, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya ƙara mata RAM, wato ma'adanar wucin-gadi da na'urar ke aiki da ita yayin da take kunne. Sai dai wani lokacin ana sakawa, fitila ta kama, fanka ta juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. A mafi yawan lokuta kwamfutar ba ta ƙone ba.

Da zarar an kunna ta, kwamfuta kan binciki kayan cikinta kafin ta buɗe Windows. Idan ba ta gane RAM ɗin ba, a nan take tsayawa, wasu kuma su yi ƙara ko ƙyaftawar fitila. Ma'anar waɗannan alamomi ta bambanta tsakanin HP da Dell da Lenovo, kuma tana cikin littafin kowane samfuri.

Dalili na farko shi ne rashin zama daidai. A kashe kwamfutar, a zare caja da batir idan yana ciruwa, a taɓa ƙarfe domin sauke wutar da jiki ke tarawa, musamman lokacin hunturu. Sannan a cire RAM ɗin, a mayar da shi a karkace, a danna har maƙalan gefe biyu su kama.

Na biyu shi ne rashin jituwa. DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, domin tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne DDR3 da DDR3L: siffarsu ɗaya, amma na farko yana aiki da volt 1.5, na biyu kuma 1.35. Kwamfutocin tafi-da-gidanka masu Intel zubi na huɗu DDR3L suke buƙata. Haka kuma kowace na'ura tana da iyakar girman da za ta ɗauka.

Na uku shi ne RAM ɗin kansa ya lalace. Gane hakan ba shi da wahala: a mayar da tsohon shi kaɗai. Idan ta tashi, a gwada sabon shi kaɗai a kowane gurbi. Ta haka ake bambance lalataccen RAM da lalataccen gurbi.

Akwai kuma abin da ya kamata mai saye ya sani. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, amma ƙarin RAM kaɗai ba ya sa tsohuwar kwamfuta ta cancanci Windows 11, wadda ke buƙatar TPM 2.0 da Intel zubi na takwas zuwa sama, ko makamancinsa.

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi, kuma hukumar FCCPC ce ke karɓar koke. Saboda haka a karɓi rasit mai ɗauke da nau'in RAM ɗin, a kuma kunna kwamfutar a gaban mai shago kafin a biya.