Gidan Fatoma a Agege: Masaukin da Amana Ce Jarinsa

AGEGE, Legas: Tun kafin otal-otal su yawaita a birnin Ikko, fataken goro da na shanu daga Arewa suna da wurin sauka a Agege. Wurin kuwa shi ne gidan fatoma, wato maigidan da ke karɓar baƙin fatake, ya ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya kuma tsaya musu wajen ciniki.

Hanyar jirgin ƙasa ce ta haifar da waɗannan gidaje. A 1901 aka buɗe hanyar Legas zuwa Ibadan, wadda ta ratsa Agege, a 1911 kuma dogo ya isa Kano. A wannan zamani manoman yankin Agege suka dukufa ga dashen koko da goro. Goron da a dā ayari ke shafe watanni kafin ya kawo shi daga Gwanja a kan jakuna, sai ga shi ana loda shi a tarago ya kai Kano cikin 'yan kwanaki. Hausawa suka kafa zango kusa da tasha, waɗanda suka fara zama da gindinsu suka zama masu saukar da na baya.

A bisa al'ada baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki. Ribar maigida tana fitowa ne daga la'adar cinikin da aka ƙulla ta hannunsa. Aikin kuma na iyali ne: uwargida ke kula da tukunya, 'ya'ya da yaran gida ke dillanci da rakiyar kaya, wani daga cikinsu ke riƙe da littafin bashi.

Nauyi mafi girma shi ne lamuni. Mahauta sukan ɗauki shanu bashi, alhali mai shanun bai san su ba, ba ya kuma jin Yarbanci. Fatoma ne ya san wanda ke biya da wanda ke tauye haƙƙi. In mahauci ya gaza, shi zai biya daga aljihunsa domin kada sunan gidansa ya ɓaci. Masanin nan, Abner Cohen, ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969.

A nan ne matsalar gado take. Ana iya raba gini tsakanin magada bisa shari'a, amma ba a raba baƙi. Magajin da ya saɓa alkawari sau ɗaya zai wayi gari fataken da mahaifinsa ya tara cikin shekaru sun koma gidan maƙwabci.

Zamani ya rage wa fatoma aiki. Manyan motoci sun karɓe dakon shanu daga jirgin ƙasa, suna sauke su a mayankar Oko-Oba. Wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ta sa falke yana jin farashi daga Kano, banki kuma ya raba shi da yawo da tsabar kuɗi.

Sai dai har yanzu banki jingina yake nema, shi kuwa ƙaramin falke ba shi da ita. Muddin ana cinikin bashi tsakanin mutanen da ba su san juna ba, ana bukatar wanda zai tsaya a tsakani da sunansa da dukiyarsa.