Ranar da na hau dutsen Gorgora na ga tafkin da nake zanawa a allo

Shekara shida na yi ina zana Tafkin Tana a allo kafin in sa shi a ido. Duk malamin da ya koyar da labarin ƙasa ya san zanen: ɗan da'ira a cikin Habasha, a ja masa wutsiya ta lanƙwaso ta shigo Sudan, a rubuta Nilul Azrak. Haka aka koya mana a kwalejin horon malamai, haka nake juye wa yara a nan Gallabat. Rannan wani ɗan aji shida, mai bakin tsiya, ya ɗaga hannu ya ce, "Ustaz, kai ka taɓa ganinsa?" Na ce a'a. Ya ce, "To ya aka yi ka san zagayayye ne?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na dara, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Abin kunyar, tafkin ba wani nisa gare shi ba. Gada ɗaya ce tsakaninmu da Matamma. Daga can zuwa Gondar bai kai kilomita 200 ba, daga Gondar zuwa bakin ruwa kilomita 60 da 'yan kai. Khartum da muke zuwa ba tare da shawara da kowa ba ta ninka haka.

Dalilin tafiyar ma ba yawon buɗe ido ba ne. A watan Disamba na 2019, bayan an kwashe riɗi, idon kawuna ya matsa masa, aka ce in raka shi Gondar a duba. Likita ya gan shi, ya ce mu dawo jibi. Kwana guda ya faɗo mana a banza, ga sanyin garin da ya haura mita 2,000 a sama yana cin ƙashinmu, mu mutanen kwari. Na ce, "Kawu, ka zauna a masauki, zan leƙa Gorgora in dawo." Ya ce, "Ka bar ni da wa? Da bango?"

Mota ta bi ta Azezo ta gangara filin Dambiya, gonaki shimfiɗe, ana ta sussukar tef da shanu. Halin malanta ya motsa mini, na fara ba shi labari: ta wannan yanki rundunar Hamdan Abu Anja ta bi daga Gallabat ta faɗa wa Gondar a farkon 1888, shekara ta zagayo Sarki Yohannes na huɗu ya zo ramuwa, aka kashe shi a bakin garinmu a watan Maris na 1889. Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu. "Ɗan nan, rage murya. Wannan darasi ka ajiye shi sai mun tsallaka gada."

Gorgora ƙaramin gari ne a gaɓar arewa, da tashar jiragen ruwa da tsohuwar majami'ar Debre Sina. Daga bakin ruwa ba ka ganin girman tafkin, sai dai abin da ke gabanka. Wani yaro mai ɗan Larabcin kasuwa ya nuna mana dutse da wani dogon gini a kansa, ya ce can ake hawa. Na dubi dutsen, na dubi Kawu da sandarsa, mutum ya ba sittin baya. Na ce ya jira ni a wurin mai shayi. Abin da ya faɗa ya kashe mini baki: "Ka ji abin da likita ya ce jiya. Idon nan tafiya yake. Bari ya ga abin kirki tukuna."

Hawan gajere ne, amma a miƙe yake. Farko hanyar shanu ce cikin ciyawa busasshiya, sai ta koma tsakuwa mai gudu a ƙarƙashin ƙafa, ga ƙaya tana kama jallabiya. Ni da nake tsoron numfashin tsoho, ni na fara haki. Takalmin zuwa makaranta na sa, mai santsin ƙasa, wauta ta farko ke nan. Ta biyu, gorar ruwa ɗaya na ɗauka mana mu biyu. A wani lanƙwasa ƙafata ta zame, na dafa dutse, tafin hannu ya fashe. Yaron, da silifas ɗinsa na roba, ya tsaya yana cewa "ayzoh, ayzoh", wato sannu, yi ƙarfin hali. Kawu kuwa taku goma ya tsaya, ya yi salati, ya ƙara goma. Sau biyu na ga leɓensa ya bushe, gabana ya faɗi, na fara lissafin abin da zan gaya wa mahaifiyata in wani abu ya sami ƙanenta a kan dutsen ƙasar mutane. Na roƙe shi mu juya. Ko kallona bai yi ba. Yaron ya ce shi rabin sa'a yake yi. Mu mun ci sa'a guda da wani abu.

Sai ga mu a sama, iska ta buge mu.

Wallahi ba zagayayye ba ne. Gaɓarsa duk lungu ne da tsinin ƙasa da ke kutsawa cikin ruwa, tsibirai na kusa baƙi-baƙi da itatuwa, na nesa kamar hayaƙi. Ɗaya gaɓar kuwa babu ita, ruwa ya tafi har ya haɗe da sama. Tsawonsa ya haura kilomita 80, yana zaune a wajen mita 1,800 sama da teku, amma duk girman nan zurfinsa bai wuce mita 15 ba. Kuma ba shuɗi ba ne kamar allin da nake zana shi da shi. Ruwan ƙasa-ƙasa ne, inda rana ta faɗa ya yi fari kamar faranti. Can ƙasa masunta a kan tankwa, kwalekwalen da suke ɗaurewa da karan fadama, kamar tsinke a kwano. A wani gefe na ga shimfiɗa kore shar, na ɗauka gona ce. Yaron ya ce "emboch", ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa da ta addabi tafkin tun 2011.

Ginin da muka hango daga ƙasa hasumiyar dutse ce da Italiyawa suka kafa zamanin da suka mamaye Habasha, 1936 zuwa 1941, mutanen wurin na kiranta da sunan Mussolini. Su ne dai suka kama Gallabat a watan Yulin 1940. Ban ba ta lokaci ba. Kawu ya jingina da ita don inuwa, iyakar amfaninta gare mu ke nan.

Tsibiran bai gan su ba. Ya ce haske yake gani mai faɗi, ba iyaka. Na tsaya kusa da shi ina lissafa masa: ga tsibiri a damanka, ga jirgi ya taso. Ya ce, "Ina ƙofar da yake fita?" Na nuna kudu, wajen Bahir Dar, inda ido ba ya kaiwa. "Wato wannan ne 'yan'uwanmu na Mai Wurno ke sha?" Na ce shi ne, ya bi ta Rusairis da Sinja da Sinnar da Madani har Khartum, ko da yake kason tafkin kaɗan ne, yawancin ruwan rafukan kan hanya ke ƙara shi. Na ƙara da cewa Atbara da ke wucewa ta wajenmu ba daga nan yake fita ba, daga duwatsun yammacin Gondar yake. Ya ce, "Kai dai ba ka iya ganin abu ka yi shiru."

La'asar ta same mu a can. Sauran ruwan gorar na bar masa ya sha, muka yi taimama. Alƙibla arewa take, saboda haka muka juya wa tafkin baya muka yi raka'a biyu ta matafiya. Yaron, da zaren gicciye a wuyansa, ya ja gefe ya zauna shiru har muka sallame. Saukowa ta fi hawa wuya, ni a gaba, hannun Kawu a kafaɗata.

Shekara ɗaya bayan haka rikicin Fashaga ya tashi, aka yi ta rufe iyaka ana buɗewa. Sai yaƙinmu na Afrilun 2023, sai faɗan yankin Amhara a watan Agusta. Yau ba zan ce wa kowa ya kama hanyar Gondar don kallon ruwa ba. Idon Kawu na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama yana rarrabe dare da rana.

Yaron da ya yi mini tambayar ya gama makaranta kafin in nuna masa hoton. Ajina na yanzu akwai 'ya'yan waɗanda suka gudo daga Madani da Sinja. Da muka zo darasin Nilu na ajiye alli, na miƙa wayata tana zagayawa benci-benci. Wata yarinya 'yar Madani ta riƙe ta fiye da kowa, har na baya suka fara ƙorafi. Ta ce, "Ustaz, launinsa ɗaya da na bayan gidanmu." Ta miƙa wa ta kusa da ita.