Kaurin bangon kumbo ba ya tsare ɗan sama jannati

Kwanaki kaɗan bayan da kumbon da ke ɗauke da motar bincike ta Curiosity ya bar duniya a watan Nuwamban 2011, an kunna wata ƙaramar na'ura mai suna RAD a cikinsa. Aikinta shi ne auna radiyeshin da ke ratso bango ya shigo ciki, daidai inda mutum zai zauna da a ce mutum ne a kumbon. Tafiyar ta ɗauki kwana 253 kafin a isa duniyar Mars. Abin da ta auna ya kai kusan milisibat 1.8 a kowace rana, alhali mutumin da ke zaune a doron ƙasa kan sha kimanin 2.4 ne a shekara guda cur.

Mai karatu zai ce, to a ƙara wa bangon kauri mana. Nan fa gizo ke saƙar. Ƙwayoyin da rana ke fesowa idan ta yi aman wuta ana iya tare yawancinsu. Amma waɗanda ke zuwa daga can nesa cikin taurari, har da ƙwayoyin ƙarfe masu gudun da ya kusa na haske, idan suka daki alminiyam ɗin bangon sai su farfashe, su kuma farfasa ƙwayoyin bangon, kamar dutse ya faɗa kan tulu tsingaro ya watsu. Tarkacen nan, musamman niyutron, shi ke ƙarasawa jikin mutum. Shi ya sa masana suka fi son abin da ke cike da haidirojin, irin ruwa da robar da ake yin leda da ita.

Ba kowane bango za a iya kaiwa sama a gwada ba. Don haka ake lissafi da manhajoji irin HZETRN ta NASA da Geant4 da aka ƙirƙiro a CERN, sannan a harba ƙwayoyi kan kayan a cibiyar Brookhaven da ke New York, a ga ko lissafin ya yi daidai. A 2022 ma kumbon Orion ya zagayo wata da mutum-mutumi biyu, Helga da Zohar, jikinsu cike da na'urorin awo, ɗaya sanye da rigar kariya, ɗaya babu.

A ganina, duk mai ɗokin tura mutane Mars ya fara duba wannan lissafi. Zuwa da dawowa kawai, ko da a tafiyar da ta fi ta Curiosity sauri, zai kai kusan milisibat 660, ban da zaman can, iyakar da NASA ta yanka wa ɗan sama jannati a tsawon aikinsa kuwa 600 ce.